Bayan Faifan Lawali

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ƙaddamar da faifan Lawali a Paris ba. Ko na so mantawa ma, Gwaggo, mahaifiyarsa, ba za ta bari ba.

Lawali taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tare muka taso a Maradi. Daga baya shi da Gwaggo suka zauna a Stains, bakin Paris, ni kuma karatu ya kai ni Lyon, na kama ɗaki a La Guillotière, daidai inda taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ke wucewa. Ni na fara kamuwa da kiɗan nan na tekno da ake kira minimal, wato bugu ɗaya ya yi ta maimaituwa kamar ana daka, sai can a saka wani ɗan sauti a cire. Ni na koya wa Lawali haɗa shi a kwamfuta. (Wannan magana na faɗe ta ta fi sau ɗari, har abokaina in na ɗauko ta sai su ƙarasa mini.)

Kwatsam sai wani ƙaramin kamfani ya ce zai buga wa Lawali kiɗansa a faifai, baƙin faifai mai juyawa irin na garmaho, har da rimis, wato wasu makaɗa su ɗauki kiɗan su sake masa riga. A wurinmu, ganin sunanka a kwalin faifai shi ne naɗin rawani. Da ya gaya mini a waya na ce "Masha Allah, barka!" da babbar murya. Ina ajiye wayar na ture kwanon abincina. Hassada ce zalla, ba ni da wani sunan da zan sa mata.

Abin da ya fi ci mini rai, shekara biyu kafin nan na taɓa yi wa wannan kiɗan nasa rimis na aika masa. Amsar da na samu ita ce "Na gani." Shi ke nan. Yanzu ga faifai zai fito da aikin wasu, ni ko tayi ba a yi mini ba.

Ana saura sati biyu ya aiko mini da faifan gwaji, mai farin tambari, babu sunan kowa a jiki. Ya kira ya ce, "Taubashi, ka saurari bayan da kyau, ka jiya? Can magana take."

Na ce a raina, ji ɗan fariya.

Na'urar faifai gudu biyu gare ta, 33 da 45, ko ɗan koyo ya san wannan. Na sa gaban faifan a 33, kiɗansa da rimis ɗaya. Wallahi sun yi daɗi. Na juya baya, na ɗora allura, ban ko kalli maɓallin gudu ba. Sai ga wani abu ya fito yana jan ƙafa, ganga na nishi, wata ƙararrawa na kuka kamar an buga tsohon kwano. Ko minti ɗaya bai yi ba na ɗage allurar. Jama'a, ranar na ci abinci har da ƙari.

Ranar ƙaddamarwa na hau jirgin ƙasa zuwa Paris da jawabina a baki. A wani shagon faifai aka yi taron bayan la'asar. Shagon ya cika da Turawa masu jakar goyo da 'yan Nijar ɗalibai, ga Gwaggo an ba ta kujera a gaba, da roba cike da fanke a cinyarta. Ba ta san kan kiɗan ba, amma duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ɗanta.

Aka sa gaban faifan, aka tafa. Sai Lawali ya jawo hannuna ya ce wa mutane, "Ga malamina, shi ya koya mini komi. Kafin mu juya, bari shi ce wani abu."

Da mai hankali ne, da ya sa albarka ya zauna. Ni kuwa na gyara murya. Na yabi gaban a gurguje, sannan na ce amma gaskiya ɗaya ce, bayan faifan nan an yi asarar roba. Na ce tafiyarsa kamar tsohon jaki a rairayi. Na kwaikwayi ƙararrawar da bakina. Na rufe da cewa duk wanda ya yi wannan rimis, in yana cikin ɗakin nan, don Allah ya nemi wata sana'a. Da Faransanci na faɗa, sannan na maimaita da Hausa (don kada Gwaggo ta yi asarar hikimata).

Babu wanda ya yi dariya, ko irin ta wasan taubasai. Lawali ya dube ni, ya juya faifan, ya danna 45, ya sauke allura.

Kiɗan ya tashi garau, yana tafe kamar doki. Kawuna suka fara kaɗawa. Sai ƙararrawar ta shigo, tas. Ƙararrawar taram ce, wadda na ɗauka da wayata ta tagar ɗakina a La Guillotière. Lawali ya miƙo mini kwalin faifan. Ga sunana nan a baya, ni kaɗai. Rimis ɗin nan nawa ne da na aika masa shekara biyu baya. Ashe shi ya dage wa kamfanin sai an ba ni fuskar faifan guda sukutum, aka buga ta a 45 don sautin ya fi fita. Ɓoye mini ya yi don ya ga murnata a gaban jama'a.

Da kiɗan ya ƙare, Gwaggo ta miƙo mini fanke ta ce, "To, ɗana, ka ce shi nemi wata sana'a. Wace za ka kama?"

Nan shagon ya fashe da dariya, har Turawan da aka fassara wa daga baya.

Da Lawali ya raka ni tasha na yi ta ba shi haƙuri, ina ɗora wa maɓalli laifi. Ya ce, "Bon, kuskuren gudu kowa na yi, taubashi. Ba zagin ya dame ni ba. Murnar da na gani a fuskarka kana zagin, ita ta dame ni." Na hau jirgi, maganar nan ta bi ni har Lyon.

Mun shirya, ya fi ni zuciya mai kyau. Faifan yana jingine a ɗakina, bayansa na kallon bango. Abin da na koya shi ne, in abin wani ya yi mini muni har na ji daɗi, to in fara duba nawa maɓallin. Gwaggo kuwa har yau in na kira gaishe ta, daga "ina gajiya" sai ta ce, "Ya sana'a? An samu sabuwar?"