Ranar da Kwamfutata Ta Sha Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ɗura wa kwamfutata ruwa ba, ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bari ba. Gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku labarin ya ƙara masa gishiri.

Ƙauyenmu yana can gaba da Gezawa, irin ƙauyukan nan da gonar wani take jingine da katangar gidan wani. Da damina noma nake yi kamar kowa, da rani kuma ina zama a ɗan shagona na bakin kasuwa, ina haɗa bidiyon biki da suna da saukar karatu. Na daɗe ni kaɗai ne mai wannan sana'a a yankin, har ana kirana Injiniya (ban taɓa musawa ba, don sunan ya yi mini daɗi).

Sai Nafi'u ya dawo daga birni. Ɗan baffana ne, ni na girme shi, ni kuma na koya masa yadda ake riƙe kyamara ba tare da an yanke wa amarya kai ba. Ya buɗe shago a tsallaken titi, daidai saitin ƙofata, ya kafa wata kwamfuta mai gefen gilashi. A cikinta ga wasu tiyo guda biyu, wani ruwa shuɗi yana zagayawa a hankali, fitilu suna haska shi.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani. A cikin kwamfutar haɗa bidiyo akwai wani kati da muke kira katin hoto, shi ne ke ɗaukar nauyin aikin, kuma zafi yake yi kamar kaskon tuya. Nawa fanka ce ke fifita shi. In bazara ta yi, sai ta dinga gurnani kamar injin niƙa, ana tsakiyar aiki ta ɗauke. Na Nafi'u kuwa ruwa ne ke sanyaya shi, kamar yadda lagireto ke yi wa mota, ko tari ba ka ji.

Gari ya koma shagonsa. Samari su tsaya kallo, dattawa in sun dawo daga kasuwa su leƙa. Ni ina zaune ina yi kamar ina aiki, alhali idona yana tsallaken titi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Inna, mahaifiyata, ta ce, "Wai da gaske ne injin Nafi'u shi yake wa kansa wanka? Yaron nan Allah ya ba shi kai."

Shi kuwa bawan Allah har shago ya same ni. Ya ce, "Yaya, in kana so mu haɗa maka irin tawa mana, ba ta da wuya."

Na ce, "Ai wannan ƙyale-ƙyale ne, Nafi'u. Aiki a hannu yake, ba a ruwa ba."

Yana fita na ɗauko waya na hau kallon yadda ake haɗawa.

Matata Zulai ta gano ni. Ta ce, "Baban Ummi, tunda ya yi maka tayi, ka karɓa mana." Na ce, "In koyi aiki a wajen wa? Yaron da na goya?" Ta ci gaba da tace zoɓonta na sayarwa.

Na kai tunkiyata kasuwa, na shiga birni na sayo kayan na hannu: farantin tagulla da ake ɗaura wa katin, ɗan famfo, ƙaramin lagireto, da tiyo. Mai shagon ya ja mini kunne cewa ruwan batir zalla ake zubawa, ko ruwan da aka yi don aikin. Na gyaɗa kai, amma hankalina yana wani waje. Na Nafi'u shuɗi ne, to nawa dole ya zama ja, ja wur, wanda za a hango daga tasha. Na tambayi jan ruwa, ya ce ya ƙare.

Na dawo gida na haɗa komai da kyar, ina gumi, ina ɓatar da noti. Na zuba ruwan batir, na kunna, ta tashi lafiya. Amma ruwan fari ne sol, wa zai tsaya kallon wannan? Ina cikin tunani idona ya faɗa kan kular zoɓon Zulai. Na ce a raina, ai zoɓo ma ruwa ne, launi kawai ya fi shi. Na ɗebi gora biyu ba ta sani ba, na zubar da ruwan batir na ɗura zoɓon (kuma ban ɗanɗana ba, balle in san ta riga ta zuba sukari).

Wallahi da farko abin ya yi kyau. Ja kamar garwashi. Na juya kwamfutar ta fuskanci titi, na wangale ƙofa. Samari suka fara tsallakowa, na ji kaina ya ƙara girma. Bayan 'yan kwanaki na ga kumfa tana taruwa, tiyon ya ɗan kumbura, shagon kuma yana wani tsami-tsami. Na ce sabon abu ne, zai saba.

A lokacin ina riƙe da aiki mafi girma da na taɓa samu: bikin ɗan Alhaji Bala mai gyaɗa. 'Ya'yansa sun so a ba Nafi'u aikin, amma Alhaji ya ce shi abokin marigayi mahaifina ne, ni zai ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo ganin aiki, cikin farar babbar riga ta shadda mai sheƙi, da ango da abokansa. Maimakon in yi abin da ke gabana, sai na leƙa waje na ƙwala kira, "Nafi'u! Zo ka ga yadda manya suke aiki!"

Ya zo ya gaishe da Alhaji, ya kalli kwamfutar, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce a hankali, "Yaya, me ka zuba a ciki? Ka kashe ta tukuna."

Na ce, "Kai dai tsaya ka kalla."

Na kunna bidiyo, aka fara nuna ɗaurin aure. Alhaji ya sunkuyo kusa da gefen kwamfutar da na bari a buɗe don a fi gani, ya ce, "Injiniya, wannan jan abin fa?"

Na gyara murya na ce, "Ruwan waje ne, Alhaji, na musamman."

Ban rufe baki ba na ji fus! Tiyon ya ɓalle daga bakinsa, famfo kuma bai san an yi ba, ya ci gaba da aikinsa. Tun daga hular Alhaji har aljihun rigarsa, feshi ɗaya. Allon ya yi baƙi, ƙauri ya tashi. Nafi'u ya yi tsalle ya fizge wayar wuta daga bango.

Alhaji ya ɗago a hankali, jan ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya lashi leɓe, sannan ya ce, "Ɗana, ruwan wajen nan har citta da kanumfari ake sa masa?"

Ango ne ya fara fashewa da dariya, sai da ya dafa bango. Ni kuwa na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

Katin hoto ya ƙone, babu gyara. Allah ya taimake ni bidiyon bai salwanta ba, don Nafi'u ya ciro ma'ajiyar da bidiyon ke ciki kafin danshi ya kai gare ta. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ku ƙarasa a wajen ƙanenka." Da labari ya kai gida, Zulai ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe kai ne ɓarawon zoɓona? Ni ina nan ina zargin yaran maƙwabta!" Ita ta yi ta fama da rigar Alhaji, amma jan bai fita duka ba.

Haka na tsallaka titi da ƙafata, na zauna a shagon Nafi'u na ƙarasa aikin a kan kwamfutarsa, mutane suna wucewa suna tambayata ko akwai mai sanyi. Abokan ango kuwa, duk wanda ya tashi aure daga baya, wajensa ya kai aiki.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni ban tsaya ga zuba takin ba, har ban-ruwa na yi masa, kuma da sukari.