Mai Daka a Kunnen Goggo Barakatu

Shekarar da kuɗin fetur ya buɗe, samarin ƙauyenmu suka watse kamar an yi musu shela. Wasu suka nufi Funtuwa, wasu Kaduna, masu dogon buri kuma har Ikko, wai a can ana sauke siminti daga jirgin ruwa, ana ba mutum a mako abin da gonar auduga ba ta ba shi a shekara. Mu da muka rage a nan tsakanin Daudawa da Faskari, tsofaffi ne da awaki. Gidan Goggo Barakatu ɗaki shida ne, amma ɗaya kaɗai ake sharewa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu can nesa, autanta Sha'ibu kuma damina biyu ke nan da ya hau motar Ikko, ko wasiƙa bai aiko ba. A cikin wannan shirun ne kunnenta na hagu ya fara bugawa, dum, dum, dum, irin dakan da ake jiyowa daga gida na uku. Yakan yi ya bari, sai ta manta da shi ya dawo.

Mutum ɗaya ne yake leƙa ta, shi ma ba da bakin arziki yake shigowa ba. Malam Maharazu ke nan, taubashinta, ɗan ƙanwar mahaifinta. Tunda ɗan mace ne, a al'adar wasan taubasai bawanta ne, kuma shekara sittin ba ta taɓa bari ya manta ba. Duk ranar kasuwa takan aike shi kantin wani tela a Faskari, inda ake ajiye wasiƙun mutanen ƙauye, ya dubo mata ko an dace. Ran nan bayan la'asar ya jingina kekensa a zaure, ya iske ta zaune a gindin turmi, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali har biyu.

"Lahiya lau, uwar ɗakina, sai gajiyar aiken marasa godiya. Ya gida, ya awaki, ya makaɗan kunne?"

"Makaɗa suna gaishe ka. Kai kau tun hantsi ka tahi, sai yanzu? Da jaki na aika, da tuni ya dawo har ya ci dusa ya yi barci."

"Ai na gamu da jakin a hanya. Da ya ji ke ce mai aiken, kwanciya ya yi ya ce a yanka shi ya hi mashi. Wanga ɗaurin kai hwa? Sarautar mata aka ba ki ba a gaya mani ba?"

"Ko ba komi ya hi hular nan taka da ɓera ya yi wa taga. Zauna ƙasa, bawa ba ya tsayuwa kan uwargijiyarshi."

Ya zauna a kan tabarma yana nishi, ita kuma ta shiga tsince tsakuwa a cikin wake, ba ta dube shi ba.

"Tela shina nan lahiya?"

"Shina nan. Ya sayi rediyo, yanzu ko wuyan riga ba ya iya yankawa daidai."

"Bai ba ka komi ba?"

"Ya ba ni gaisuwa, ya ce in kawo maki."

Ta ce to. Ta ci gaba da tsintar waken da babu sauran tsakuwa a cikinsa. Abin tausayi ne ka ga tsohuwa tana yin kamar ba ta damu ba, kuma Maharazu ya gani sarai. Sai ya yi maza ya zura hannu a aljihu, ya zaro wata 'yar kwalba ya dangwarar a gabanta.

"Ga wadda ta hi wasiƙa. Na biya wurin malamin asibiti, na ce mashi ina da wata tsohuwa da aljanu suka kahwa kasuwa cikin kunnenta. Ya ce ɗigo biyu sahe da marece. Ya ce ki rage goro da kanwa. Ya ce kuma lalle a kai ki ya auna jininki, don irin wanga bugun wani lokaci jini ne ke hawa, kuma shina kada mutum ba sallama."

"Wa ya aike ka?"

"Tausayin mutanen gari ya aike ni. An ce shekaranjiya an ji ki kina ta dakan turmi, da aka leƙo aka ga ko ƙwayar gero babu ciki."

"Lugude nike taya shi. In ya ce dum, in ce dum, sai mu tahi tare. Tun da injin niƙa ya shigo garin nan, wace mace ta rage da zan haɗa taɓarya da ita? Ɗauke kwalbarka."

"Ke da kika gwada man shanu mai ɗumi, kika cusa audugar da ta isa katihwa, kika kwana wata guda kan gehe ɗaya kamar waina, ɗigo biyu ne zai gagare ki?"

"Sassauta shi nike, Maharazu, ba korar shi nike ba."

"Ikon Allah! Ciwo ne ko miji?"

Ta ajiye faifan waken. Wannan karon ta dube shi, kuma babu wasa a fuskarta.

"Ka manta abin da Kaka Mairo ke gaya mana muna yara? In kunnenka ya motsa, wani ne can shike ambaton sunanka."

"Kaka Mairo ta ce kuma in ka haɗiye ƙwallon magarya itace zai tsiro maka a ka. Na haɗiye ya hi ɗari, dubi kaina, ko gashi ya ƙi zama."

"Yi dariyarka. Ni dai na lura da shi. Da hantsi shike bugawa, lokacin da ma'aikata ke zama cin abinci. Auta ne. In aka aje mashi tuwon rogon nan nasu mai kama da danƙo, sai ya ce, wayyo ina tuwon Iya. Da marece kuma in sun tashi aiki ya sake tuno ni. To mi zan yi da wasiƙa? Ni da ban iya karatun boko ba, sai na nemi mai karanta mani. Wanga kau kai tsaye shike zuwa."

Maharazu ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Talata da Laraba kunnen ya yi tsit. Wallahi ko ruwa da ƙyar ya wuce mani. Na ce ko buhun siminti ya hwaɗo mashi, ko ruwan nan nasu mara iyaka ya ci shi, ko kau lahiyarshi lau, mantawa kawai ya yi. Na rasa wanne zan roƙa a ciki. Sai ran Alhamis da hantsi na ji dum. A nan tsakar gida na yi sujada, awaki na kallona. Shi ne za ka zo mani da kwalba ka ce in kashe shi?"

Maharazu ya daɗe yana juya kwalbar a hannu. Da ya ce mata jini ne kawai, ya san ɗanta ya raba ta da shi. Da ya mayar da kwalbar aljihu kuma, wata rana zai shigo ya iske ta a ƙasa kusa da turmin nan, ba wanda ya sani. Malami zai yi mata nasiha, likita zai yi mata faɗa, shi kuwa taubashi abin da Allah Ya hore masa ita ce ƙarya mai kauri. Sai ya tafa hannu ya fashe da dariya.

"Talata da Laraba kika ce? Kai, asirina ya tonu! Ina nike Talata da Laraba?"

"An ce mura ta kwantar da kai. Na ce Allah Ya ƙara."

"Murya ta dishe, ko akuya ban iya kora. Ran Alhamis da hantsi ta buɗe, na hito gindin ɗorawa wurin tsohhi, kin san da wa na yi bisimilla? Da ke! Ni ne mai dakan nan, Barakatu. Damina biyu ke nan ba ni da sana'ar da ta wuce zaginki."

"Ƙarya kake, baƙin bawa."

"Tambayi Gide mai aski, kunnenshi har ya gaji. Da hantsi nikan ba su labarin hurarki, wadda tsakuwar ciki ta cire mani haƙori biyu shekarar hwari. Da marece in ba su na rowarki, yadda ƙuda ke shigowa gidan nan da ƙiba ya hita ana riƙe da shi. Yau ma a Faskari sai da na tara mutane gaban kantin tela na gaya masu minsharinki ne ya tsaga katangar maƙwabta."

"Allah Ya isa tsakanina da kai! Hurar da kake lashe ƙwarya har sai na ƙwace?"

"Yunwa ce, ba daɗi ba. Ke ko a masallaci ba na barin ki. In na idar da salla na ɗaga hannu, sunanki ne na..."

Sai ya shiga gyaran hula.

"Sunana ne na mi?"

"Na roƙon shiriya mana! Mi kike zato? Allah Ya shiryi Barakatu, Ya raba ta da rowa."

Ta zuba wa ƙofar ɗakin Sha'ibu ido, wadda zana ta rufe tun bara, ta yi maganar a hankali kamar ba da shi take ba.

"Ashe ba Auta ba ne."

"Wa ya ce maki? Auta shina da nashi kunnen, na dama. Yaro mai ladabi zai kama uwarshi da daka kamar gero? A hankali shike ambaton ki, shi ya sa ba ki ji. Wanga dum-dum na hagu aikin ƙato ne mara kunya, kuma ga shi zaune gabanki. In kin ɗiga magani ni kika rufe wa baki, ba ɗanki ba."

Goggo Barakatu ba yarinya ba ce. Ta san ƙarya in ta ji ta, balle ta Maharazu da ta saba da ita tun suna wasan ƙasa. Amma sai ga hannunta ya tafi kunnen dama ya shafa shi.

"Kai naka kunnen hwa? Shina bugawa?"

"Nawa? Tun ran da aka kai matata Talatu makwancinta ya yi tsit, har yau. Ɗiya uku gare ni a Kaduna, ba wanda bakinshi ya taɓa tuntuɓe da sunana. Barci nike har da juyi."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Gidansa ma ɗaki huɗu ne, kuma kowa ya san shi yake dafa wa kansa.

Sai ta kai hannu ta kwance ɗankwali na farko, ta kwance na biyu, ta zaro audugar ta jefar. Ta kwantar da kanta a bakin turmi, kunnen hagu yana sama.

"Taso ka ɗiga, tun ban sake shawara ba. Kuma in ka zuba mani a ido, sai na sayar da kai a kasuwar Sabuwa."

"Wa zai saye ni? Ke ma gado kika ci."

Ɗigo na farko ya sauka a kumatunta, ta zage shi tas. Na biyu da na uku suka shiga.

"Saura awon jini," in ji shi. "Kasuwa mai zuwa zan goya ki a keke."

"In ka kada ni hwa?"

"In ce buhun gero ne ya hwaɗi, mutane su taya ni ɗauka."

"To na ji, zan tahi. Amma da sharaɗi. Zagin nan da kake aiko mani ta iska, ka daina, shina hana ni sukuni. Ka riƙa kawo shi da ƙahwarka, nan gindin turmin nan, kullum bayan la'asar. Ba ranar kasuwa kaɗai ba, kullum. In ji shi da kyau, in rama."

"Kullum? Wace irin bauta ce wannan?"

"Irin wadda aka haihe ka cikinta."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙullin goron da ba ta taɓa ɗanɗana wa kowa ba, fari ƙal guda huɗu, ta cilla masa a cinya.

"Ungo, tunda malaminka ya hana ni. Gobe ka je gindin ɗorawa ka ce masu ƙuda ya hita da ƙiba."

Maharazu ya dubi goron, ya dube ta, ya ƙyalƙyale da dariya har da share ido.

"Na sallama, uwar ɗakina. Yau kam kin kada ni."

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya nufi zaure. Har ya kama ƙahon keke ya jiyo muryarta daga cikin gida.

"Maharazu!"

"Na'am, mi kuma na yi?"

"Gobe da hantsi in ka ji kunnenka ya buga, kada ka sa mashi magani. Ni ce."