Lokotoro Ya Ce Benin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Dakoro za su yi mini alfarma su manta (ba kuma za su yi ba), da lokacin da na ɗaure wa yayata kayan tafiya Kwatano, alhali babu wanda ya aike ta can.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. Ban taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da ɗiya, na goya jika, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zarce ajin Faransanci na manya. Na iya karanta sunan magani a jikin kwali, na iya sa hannu ba da dangwale ba. Dama tun ina jahilata bakina ba ya jin birki, da boko ya hau kai kuwa sai unguwa ta shiga uku.

Wadda ta ƙarasa lalata ni ita ce Barira, ɗiyar farin Yaya Habsu. Kun san yadda muke: uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta sakar mata fuska gaban mutane. Yaya kuwa ta riƙe wannan kunyar fiye da kowa a danginmu. "Yarinyar nan" kawai take cewa, ta kawar da kai. Don haka a ɗakina Barira ta tashi. Yanzu tana Yamai, tana aiki a labo inda ake binciken ciwon daji da neman sababbin magungunansa. In ta kira ni a salula, ba na sakin ta sai ta bar mini kalma. Ita ta koya mini "biyopsi", wato a ɗan gutsuri tsoka a duba ta. Da "metastaz", in ciwon ya bar mazauninsa ya bazu a jiki. Da "plasebo", ƙwayar da babu magani cikinta, wadda ake ba wasu a wurin gwaji don a gane ko na gaskiyar yana aiki. Shi gwajin kansa, da ake yi a jikin mutane da yardarsu, sunansa "esai kilinik".

Ni kuwa na kwashe su na shiga gari. Mai furar da ta tsuga wa nono ruwa na ce mata, "Ke, wagga ba hura ba ce, plasebo ce." Gulma ta tashi daga gidan suna ta isa bakin famfo, na ce ta yi metastaz. Mata suna dariya suna kirana Madam, ni kuma ina tafiya kamar da hannuna na gina asibitin Maraɗi.

Ana nan sai Yaya ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Wani ƙululu na ji, kamar ƙwallon dabino. Ta ce, "Kada yarinyar nan ta ji. Barin aikinta za ta yi ta taho."

Na ce, "Mi za a gaya mata? Ba ga ni ba?"

Muka tafi Maraɗi. Lokotoron da ya karɓe mu a asibiti, wato likitan, saurayi ne mai ladabi, da Hausarsa tas ya gaishe mu: "Sannunku da hanya, Hajiya. Mi ke tahe da ku?" Maimakon in amsa kamar ɗiyar mutane, sai na gyara mayafi na ce, "Bonjur, lokotoro." Na ƙara da wasu guntaye da na haddace. Bawan Allah ya ɗauka ya samu ƴar'uwa, ya saki Faransanci kamar ruwan Agusta. Ina gyaɗa kai, ban tsinci komai ba sai "biyopsi". Da na ji ta, saura kaɗan in rangaɗa guɗa (a ɗakin da ake duba yayata, ku ji fa). Aka gutsuri tsokar, aka ce za a kira mu. Lambata na bayar, don ni ce mai ilimin gidan.

Kiran ya same ni a wurin injin niƙa, ina cikin layi, mata sun kewaye ni. Inji yana ruri, rezo, wato layin salula, yana yankewa. Cikin duk abin da ya faɗa, kalma uku na kama. "Se benin, Madam," har sau biyu ya faɗe ta. Sai "amene", na san ita ce a kai mutum wani wuri. Sai "operasiyo", aikin tiyata. Daga nan sai ya juya harshe ya ce, "Hajiya, kin gane, ko in maimaita da Hausa?"

Nan ne Allah ya miƙo mini igiya na ƙi kamawa. Na ɗaga ido, na ga mata sun bar kallon kwanukansu suna kallon Madam tana magana da lokotoro. Na ce da ƙarfi, yadda ta ƙarshen layi za ta ji, "No, no. Se bon. Je kompri." Wato na gane.

Kafin in kai gida na gama ɗinke labarin. A kai ta Benin, a yi mata aiki. Me zai sa a tsallake Maraɗi, a tsallake Yamai, sai wata ƙasa? Na tuna Barira ta taɓa cewa wanda maganin da aka sani ya gaza masa, wani lokaci akan sa shi cikin gwajin sabo, kuma a manyan birane ake yin irin wannan. Shi ke nan. Ciwon ya yi metastaz, esai kilinik za a yi mata a Kwatano, can ƙasar Benin.

Haka na zaunar da ita da mijinta, Alhaji Mamman mai sayar da hatsi, na zazzage musu. Alhaji ya ce, "Kin tabbata? Ko mu sake kiran shi mu ji da kunnenmu?"

Na ce, "Alhaji, kai hatsi ka sani. In anka zo maganar buhu, zan neme ka."

Yaya ba ta yi kuka ba. "To," kawai ta ce, ta shiga ɗaki. Matar da ta yi surfe da hannunta da safen nan, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Abinci ya ƙi shiga. Idanunta suka faɗa. Ni kuma ina ganin haka na ce ga shi nan, alamun sun fara fitowa. Ban san ni ce ciwon ba.

Labari ya bazu (wannan kam metastaz ce ta gaske). Dangi suka yi ta sauka daga Korahane, daga Birnin Lalle, daga Mai Yara, kowa da guzurinsa: cuku, ƙuli-ƙuli, kilishi, har da mai kawo bargo wai an ce bakin teku da sanyi. Yaya ta nemi gafarar kowa, har maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga maciji saboda akuya. Ta buɗe akwati ta raba zannuwanta. Ni ina bakin ƙofa a kan kujera, duk wanda ya shigo sai na yi masa darasin plasebo kafin ya wuce. A ƙarshe ta ce da Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, "A kira yarinyar nan. In gan ta kahin in tahi."

Barira ta iso bayan la'asar, ana gobe tafiya, tsakar gida cike da mata. Ta tsaya nesa ta durƙusa kamar yadda ta saba. Sai Yaya ta ɗago daga tabarma, ta miƙa hannu biyu, ta ce, "Barira. Barira ɗiyata, taho nan."

Tsofaffi suka rufe baki da mayafi. Tun da aka haifi yarinyar nan ba a taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ta faɗa jikinta, Yaya ta rungume ta tana shafa kanta, kowa yana kuka, ni na fi kowa.

Da kukan ya lafa, Barira ta share ido ta juyo. "Inna, wane asibiti ne a Kwatano? Mi lokotoron ya ce, daidai yadda ya hwaɗa?"

Na gyara murya, don ko cikin baƙin ciki ban bar yanga ba. Na ce, "Cewa ya yi, se benin."

"Ya ce mi?"

"Se benin. Sau biyu ma."

Ta dube ni, ta dubi uwarta, ta dubi ƙullin cuku da bargon. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mata har ta kasa numfashi. Da ƙyar ta ce, "Inna, ba ƙasar ba ce. Benin, ai shi ne ƙarin da ba daji ba. Wanda ba ya bazuwa. Ba ya kisa, Inna!"

Na ce, "Ƙarya ne." (Har a bakin ramin ban daina ba.)

Ta karɓi salulata ta kira lokotoron, ta buɗe murya kowa yana ji. Da Hausar nan tasa mai daɗi ya ce lafiya lau, ƙululu ne marar illa, a maido ta Maraɗi a cire, ta kwana ɗaya ta koma gida. Sannan ya ƙara da abin da ya kashe ni: "Ai na tambayi Hajiyar ko in maimaita da Hausa, ta ce ta gane."

Wallahi na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Dakoro kuwa yashi ce, ba ta tsagewa. Aka yi kabbara, aka yi guɗa, sannan idanu suka dawo kaina ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ture Barira gefe a hankali kamar ba ita ta rungume ta yanzu ba. Ba ta yi maganar kwanakin da ta yi tana jiran mutuwa ba, ba ta yi maganar zannuwanta ba. Cewa ta yi, "Ke. Ashe lahiyata lau, kinka sa na kira sunan yarinyar nan gaban jama'a?" Sannan ta ce a dama mata fura.

Alhaji Mamman ya zo wucewa ta gabana, bai ko dube ni ba, ya ce, "Madam, in anka zo maganar buhu, ina nan."

An cire ƙululun, Yaya ta koma surfenta. Zannuwa kuwa sun tafi ke nan. Duk biki sai na ga maƙwabciya mai akuya ta sha ado da atamfar Yaya, ta kuma gaishe ni da fara'a ta musamman. Sunan Madam ya mutu, yanzu Hajiya Kwatano nake. In na bi ta tasha, ƴan kamasho har ɗaga murya suke: "Kwatano, saura mutum ɗaya!"

Ranar da Barira za ta koma, na raka ta ina sunkuyar da kai. Ta kama hannuna ta ce ita kam ta yafe, don ba domin shirmena ba da har abada ba za ta ji sunanta a bakin uwarta ba. Har na fara jin sanyi, sai ta ce, "Kin san sunan mugun, wanda ke bazuwa? Malin. Ki gode Allah, Inna. Da shi ya ce, da yanzu kuna Bamako."

Ban daina zuwa aji ba, ban kuma daina karɓar kalma wurin Barira ba. Amma yanzu ko "bonjur" aka ce mini, aka tambaye ni ko na gane, sai in ce, "A'a ɗana, maimaita da Hausa. Kuma a hankali."