Ciwon Abokin Alhaji

A da, idan lokacin sabunta lasisi ya zo, masu kantin magani kan rufe shago su tafi babban birni ƙaro ilimi. A ba su jaka mai tambari, su ci shinkafa da cinyar kaza, su yi gyangyaɗi cikin sanyin na'ura, su dawo da takardar shaida. Yanzu an ci gaba. Karatun ya koma intanet. Ba jaka, ba kaza, datar ma kai za ka saya. Gyangyaɗin ne kaɗai ya rage, shi ma an sa masa kyamara.

Dokar ba ta da wuyar fahimta. Fuskarka ta tsaya a allo daga farkon lacca har ƙarshe. In an kira sunanka, ka buɗe makirfo ka ce kana nan. Wanda ya saɓa, ba takarda. Wanda ba shi da takarda ba shi da lasisi, kuma jami'an hukuma za su kawo wa shagonsa ziyara da kwaɗo mai girman kan jariri.

Abokina Hambali, wanda ya karanta harhaɗa magunguna a jami'a kuma yake da kanti a bakin tasha, ya daɗe da gano yadda ake neman ilimi ba tare da an rasa ciniki ba. Yakan ɗora kwamfutarsa a kan kanta, tsakanin kwalin maganin zazzaɓi da na'urar awon jini, ya saita kyamara daidai fuskarsa. Da ya amsa kiran suna sai ya rage sauti har ƙasa, don kada lacca ta dami masu sayayya. Daga nan aikinsa guda ne: lokaci-lokaci ya juyo ya gyaɗa kai. In ya ga malami ya ɗaga yatsa, ya haɗe gira kamar mai tunani. Da wannan gyaɗa kai ya kammala darasin hawan jini da na ciwon suga, kuma har yau ba a ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Ranar laccar ƙarshe ta bana, wadda ba a maimaitawa, maudu'in shi ne kiyaye sirrin majiyyaci. Mai gabatarwa kuwa Dakta Safara'u ce, macen da ba ta ɗaukar wargi. An ce ta taɓa soke sunan wani da ya jingina hotonsa a gaban kyamara ya tafi ɗaurin aure. Natsuwar hoton ce ta tona masa asiri.

Ta kira suna, Hambali ya buɗe makirfo ya ce yana nan, ya rage sauti kamar kullum. Makirfon ne dai bai tuna ya kashe ba.

Ana cikin haka wani Alhaji ya sauko daga adaidaita sahu a karkace, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihun baya. Babbar riga ta sha guga, hula ta zauna daram. Hambali bai taɓa ganinsa ba, kuma wannan shi ne dalilin zuwansa. Kowa ya san akwai ciwon da ba a sayen maganinsa a unguwa, sai an ƙetare gari an je inda ba a san sunan uban mutum ba. Balle shi Alhaji Mamuda, wanda kantin maganin da ke layin gidansa na ƙanen matarsa ne, wani Lurwanu, wanda bakinsa ba shi da murfi.

Alhaji ya jira har wata mata ta gama sayen maganin tari ta fita, ya leƙa waje hagu da dama, sannan ya matso kanta ya sunkuyo. Bakinsa ya tsaya daidai saitin makirfo.

"Likita, wani abokina ne ya aiko ni."

"Allah ya ba shi lafiya. Ga kujera, Alhaji."

"A'a, na gode, tsayuwar ta fi. Sauri nake."

"Me ke damun abokin namu?"

Alhaji ya ƙara rage murya. "Abin nan ne. Na ƙasa. Basir."

Hambali ya juya ga allo ya gyaɗa kai sau biyu, ya dawo.

"Mai tsiro ne ko mai jini?"

"Duka biyun. Allah bai rage masa komai ba."

"Zafi fa?"

"Likita, ka taɓa yanka attaruhu ka manta ka sosa ido? To, ba ido ba."

"Bayan gida?"

"Yaƙi. Yakan shiga da asuba, sai iyali sun fara ƙwanƙwasa ƙofa suna tambaya ko lafiya. Shekaranjiya har bango ya dafe yana kiran sunan mahaifiyarsa, alhali ta daɗe da rasuwa."

"Lallai kun shaƙu da abokin nan, Alhaji."

"Tare muka tashi. Ba abin da yake ɓoye mini."

"Yana cin yaji?"

"Tsire ne kawai da yamma. Da ɗan balangu. Kilishi kuma sai in an kawo masa tsaraba." Alhaji ya gyara hula. "Ana yawan kawo masa."

Wayar Hambali ta fara ruri a aljihu. Ya danne ta, don mai sana'a ba ya ɗaukar waya yana sauraron mara lafiya. Ta sake, ya sake dannewa. Ya ɗauko kwalin magani ya shiga bayani dalla-dalla: wannan na shafawa ne, wannan kuwa ba haɗiya ake ba, cusawa ake. A zauna a ruwan ɗumi, a ci ganye, a yi sallama da mai tsire. Jinin nan kuma dole likitan asibiti ya duba shi.

"Cusawa?" in ji Alhaji. "A ina?"

"Inda ciwon yake."

"Inna lillahi. Mutumin da ake ba wa sahun gaba a masallaci?"

Hambali ya juya don ya gyaɗa kai, sai ya ga allo ya rikice. Duk ƙananan tagogin nan da kullum suke cike da fuskoki masu barci da ido buɗe, yau kowa yana ɗaga hannu. Wani ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Dakta Safara'u ta matso har hancinta ya cika allo. Hambali ya ɗauka an sake kiran suna ne. Ya ƙure sauti ya ce, "Ina nan, ranki ya daɗe!"

"Mun san kana nan," in ji Dakta. "Tun ɗazu ba wanda yake nan sai kai."

Da Turanci aka fara laccar, amma a wannan gaɓa Turanci ya ƙare wa kowa. Wani daga Gusau yana cewa na shafawar da aka ba da bai kai wani ba. Wata daga Azare tana cewa a fara da asibiti tukuna. Wani dattijo yana tambaya ko abokin ya gwada sassaƙe. Can sai wata murya ta ratso sauran, cike da farin ciki kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Mijin Yaya! Wallahi Mijin Yaya ne! Ina wuni, Alhaji? Lurwanu ne. Ashe tafiyar da ka ce wa Yaya za ka yi duba fili, nan ne filin?"

Alhaji ya dubi kwamfutar, ya dubi Hambali, ya dubi ƙofa. Ƙofar ba nisa, amma mai irin tafiyarsa ba ya gudu.

Dakta ta kashe wa kowa makirfo, ta bar Lurwanu da Hambali.

"Malam Hambali, ina tsaka da bayanin cewa sirrin majiyyaci amana ne, kai kuma kana watsa shi ga masu kantin magani na jihohi daban-daban har da tarihin kilishi. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun misali mai kyau irin wannan ba. Na gode. Sunanka kuma zan soke."

"Ranki ya daɗe, kuskure ne. In ba takardar nan, shagona..."

"Ka gyaɗa kai mana. Na lura ka iya."

Hambali ya fara hango kwaɗo a ƙofar shago. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ke faɗo wa wanda ruwa ya ci.

"Amma ranki ya daɗe, wane majiyyaci? Kowa ya ji da kunnensa. Mai ciwon yana gida, ba a ambaci sunansa ba. Alhaji ɗan aike ne kawai."

Gefen bakin Dakta ya ɗan motsa, ta mayar da shi wurinsa.

"To. Alhaji, magana ta dawo gare ka. In ciwon naka ne, an tona maka asiri, kuma wannan mutumin ya rasa takardarsa yau. In na abokinka ne, ba wanda aka tona. Matso mu gan ka."

Alhaji ya matso gaban kyamara. Allo ya cika da aikin gaban babbar riga.

"Na abokina ne," in ji rigar.

"Dakta, kar ki yanke hukunci tukuna," Lurwanu ya yi caraf. "Tumbi kawai muke gani. A ba shi kujera ya zauna mu ga fuskarsa. Hambali, wace iri ce kujerar taka?"

"Ta ƙarfe ce," in ji Hambali, murya can ciki.

"Madalla! Mai lafiya ai ba ya tsoron kujera. In ya zauna daram, ni da kaina na yarda na abokinsa ne. Bisimilla, Mijin Yaya."

Dakta ta ajiye biro ta harɗe hannu. Tagogin allo suka yi tsit, karo na farko a tarihin karatun da kowa yake sauraro. Hambali ya jawo kujerar tana ƙara a kan siminti, ya ajiye ta bayan Alhaji, yana kallonsa kamar yadda ake kallon alƙali.

Alhaji ya waiwaya ya dubi kujerar tsawon lokaci. Sannan ya gyara babbar riga, ya sunkuyo har fuskarsa ta shiga allo, hula daram.

"Ranki ya daɗe, ki ba bawan Allah takardarsa. Kai kuma Lurwanu, shi ya sa ba ka da aboki. Abokina ya kwana biyu bai iya zama ba, ni da muka tashi tare kuma in zauna a gaban jama'a? Ina amana?"