Matakala Bakwai ta Janar Ƙwas-ƙwas

Duk unguwar 'yan fansho ta Heron Cove, a Florida, babu mai ƙafa irin ta Mista Vernon Pruitt. Mutane tafiya suke yi da tasu, shi kuwa mulki yake yi da tasa. Takalmin fata mai tsinin baki, kullum sai sheƙi, idan ya tako tun daga bakin wurin ninkaya ake jin ƙwas-ƙwas. Shekara tara yana shugaban ƙungiyar masu gidaje, Allah ya saka masa. Shi ya auna tsawon ciyawar kowa, shi ya hana shanya a baranda. Amma aikin da yake nuna wa baƙi kamar jikansa shi ne matakala bakwai ta farin dutse mai hawa zauren taro. Matan unguwa suna ce masa Janar Ƙwas-ƙwas, a bayan idonsa dai.

Loretta Baskin ta fi shi sanin matakalar nan, don daga ƙasa take kallonta. Ciwon suga ya ci mata yatsu biyu, likitar ƙafa ta yi mata aiki, ta koma keken guragu. Abu ɗaya ta roƙa: a yi gangara ta siminti a gefe, ita ma ta riƙa shiga taro.

Janar ya gyara tsayuwa. "Madam Baskin, ƙafa 'yar aiken zuciya ce. Idan zuciya ta ce hau, sai ta hau. Matakala bakwai ce fa kacal! Ni da zazzaɓi na hau ta."

Kun ji ilimi. Kuma akwai dokar da ya rubuta da hannunsa: wanda ba ya cikin zaure ba shi da ƙuri'a. Wata takwas Loretta tana zama ƙarƙashin taga, cikin rana, tana jin ana shawara a kanta.

Ana nan sai takalmin nan mai tsini ya gama aikinsa. Ƙashin babban yatsan Janar ya karkace, ya yi tulu a gefe. Shi ya ce tsohon raunin ƙwallo ne. Likitar da ta yi wa Loretta aiki ita ta yanka, ta daidaita ƙashin, ta ɗaure shi da ƙusa.

Ƙananan mutane idan an yi musu irin wannan aiki tambayoyin ƙananan mutane suke yi. Zai yi zafi? Yaya zan yi wanka? Yaushe zan tuƙa mota? Janar tambaya ɗaya ya yi: "Yaushe zan sa takalmina?"

Likita ta ce mako shida ba taka ƙasa, ƙafa a bisa matashi, ga ƙaton takalmin asibiti baƙi, kumburi kuma sai ya ga dama zai sauka.

Ya ce, "Wannan lissafin ƙafar gama-gari ne."

A waje aka ce shugaba yana hutun nazari. A cikin gida kuwa matarsa Darlene ce take ɗaure masa ledar shara a ƙafa, ta cicciɓe shi zuwa banɗaki, yana yi mata tsawa wai ta jiƙa bandeji. Loretta ta bugo waya don kirki, ta ce ya bi maganar likita, ita ta ga abin da gaggawa take yi. Ya ce ya gode, amma ba jikinsu ɗaya ba.

Ranar taro ta faɗo kwana goma sha bakwai bayan aiki, kuma a ranar za a yanke maganar gangara. Kowa ya san kawuna sun rabu biyu daidai, ƙuri'ar Janar ce za ta kashe zancen. Loretta ta gangaro da kekenta ƙarƙashin taga ba tare da wani buri ba.

Sai ga shi. Ya jefar da takalmin asibiti, ya cusa ƙafa mai kama da gasasshen dankali cikin na fata. Ya fara hawa matakalar. Taku ɗaya, ƙwas. Na biyu, ƙwas. A na uku wani abu ya ce ƙas, kuma ba takalmi ba ne. Janar ya zauna daɓas, fuska ta yi fari fat kamar dutsen.

Darlene ta jawo shi ƙasa, ta jingine shi da bango kusa da keken Loretta. "Zauna nan, Vern, ina zuwa." Ta haye matakalar nan da gudu, mace mai shekara saba'in.

Ta taga suka ji ana ƙirga hannuwa. Gangara ta ci. Cikin hannuwan da aka ɗaga mata har da wanda ya yi kwana goma sha bakwai yana ɗaure ledar shara.

Janar ya ɗaga murya: "A dakata! Shugaba bai shigo ba!" Babu wanda ya leƙo. Doka doka ce.

Loretta ta ciro matashin da ke bayanta, ta tura masa ƙarƙashin ƙafa.

"Ɗaga ta sama, Vern. Ko kuwa ka yi wa zuciyar magana mana. Saura huɗu kacal."