Sallau Manaja da Kwanuka Uku Masu Jan Farce

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Sallau Manaja. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. Aikinsa na gaskiya kai saƙon dambun nama ne a kan babur, a gidan Hajiya Lanti mai dambu. Amma in ka ji shi a bakin titi, sai ka rantse shi ya koya wa duniya cin dambu. Ba babban mutumin da bai taɓa cin abinci da shi ba. Turanci kuwa, ya ce in ya saki baki har Turawa sai sun roƙe shi ya rage gudu.

Ita Hajiya Lanti, tun da mijinta ya rasu ta riƙe gida da turmi da tukunya. Mata tara ke ci a ƙarƙashinta, masu dafa nama, masu daka, masu suya. Boko dai sunanta kawai take iya rubutawa, shi ma sai ta cije leɓe. Amma a fagen ciniki, mahauta na hango mayafinta suke fara salati.

Wata rana aka kawo takarda daga wani sabon otal a hanyar Zariya. Mai otal na neman wanda zai riƙa kawo wa baƙi dambu har shekara guda. Duk mai so ya zo ran Talata ƙarfe goma, da samfurin kayansa, ya yi bayani. Kasuwa kuwa ta yi sanyi a lokacin, har Hajiya ta fara tunanin sallamar mata uku. In aka samu wannan aiki, ba wadda za ta tafi.

Sallau ya karanta takardar da ƙarfi, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"Hajiya, wannan aikin 'yan boko ne. Ki zauna ki huta. Minti biyar ya ishe ni."

"Ka san mai otal ɗin?"

"Na san shi? Tare muka yi yawo! In ya gan ni ma ba sai na buɗe kwano ba."

Ran Talata aka cika kwanuka uku fam: na shanu, na rago, na kaza. Kowane kwano da ɗigo uku na jan farce a gindinsa, alamar da Hajiya ke yi wa kayanta don kada su ɓace a gidan biki. Sallau ya sha shadda da guga, ya kafa hula, ya ɗaure kwanuka a bayan babur. Fiiii! Ya tafi.

Ana kiran azahar sai ga matar Nomau mai shayi ta yi sallama, da kwanuka uku a kanta, an wanke su tas.

"Hajiya, Allah ya karɓa. Ya kai ladan kabarin maigidanki."

"Ladan me?"

"Sadakar da kika aiko da Manaja mana. Na ga ɗigon jan farcenki na ce bari in kawo miki da kaina."

Nan ta zazzage labari. Sallau ya tsaya teburin shayi don a ga shaddarsa. Aka ce ƙarya yake, ba a ba shi komai ya kai otal ba. Ya buɗe kwano ɗaya don a gani da ido. Wani ya ce ido ba ya jin gishiri. Ya ce to a ɗanɗana, yatsa biyu kawai. Wani ya yanko burodi. Kafin ya gama labarin yadda zai juya mai otal, har gindin kwano na uku an suɗe. Da ya duba, sai ya ce ai dama sadaka ce Hajiya ta aiko, ya hau babur ya ɓace, ko kwanukan bai waiwaya ba.

Hajiya Lanti ta zauna daɓas. Ba ta gama cewa innalillahi ba sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata 'yar siririyar mata ta shigo, hijabi ruwan toka, silifas a ƙafa.

"Ni ce Hajiya Balaraba, mai otal. Na taɓa cin dambunki a wani suna, shi ya sa na ce a aiko miki takarda. Awa biyu muna jira. Na zo in ji ko raini ne."

Hajiya Lanti ba ta iya roƙo ba, ba ta kuma fara ranar ba. Ta kife kwanukan nan a gefe, ta rufa musu zani. Ta shimfiɗa tabarma, ta sa aka kwaso dambu daga kasko da zafinsa.

"Hajiya, ni ban iya bayani ba. Ci ki ji."

Baƙuwa ta ci. Ta sake ci. Ta nemi ragi, aka ce ko sisi. Ta yi kamar za ta tashi, aka ce a gaida gida, sai ta gyara zama. Daga ƙarshe ta ce, "Kayanki ba su da na biyu. Amma ni mutanen da ba su cika alkawari tsoro suke ba ni."

Ƙuuu! Babur ya tsaya. Sallau ya shigo yana fifita da hula.

"Hajiya, a yi guɗa! An gama!" Ya dubi baƙuwar a kan tabarma. "Sabuwar mai daka ce? Baiwar Allah, ɗan matsa, ki miƙo min ruwa. Maƙogwarona ya bushe da Turanci."

Baƙuwa ta matsa. Har ruwan ta miƙa masa. Masu daka suka ajiye taɓare.

Hajiya Lanti ta ce, "Sannu Manaja. Ba mu labari."

"Ina shiga, kowa ya miƙe. Mutum goma sha biyu ne suka zo gwada kayansu, da na yi magana bakwai suka fice ta taga don kunya."

"Ikon Allah! Shi mai otal fa?"

"Alhaji? Rungume ni ya yi!"

"Yaya yake ne? Ka san ni ban taɓa ganinsa ba."

"Ƙato ne, Hajiya. Tumbi har nan. Ga gemu fari fat, har ƙirji. Da ya sa na kaza a baki sai hawaye shar-shar, har gemun ya jiƙe."

Baƙuwa ta shafa haɓarta a hankali. Wata mai suya ta toshe baki da zani ta ruga bayan ɗaki.

"To ina kwanukana?"

"Ai nan ne abin alfahari. Alhaji ya riƙe. Ya ce a gilashi zai sa su a ƙofar otal, baƙi su riƙa gani."

"Har da ɗigon jan farcen?"

"Shi ya fi burge shi ma."

Hajiya Lanti ta miƙa hannu ta yaye zani. Ƙwal! Kwanuka uku a kife, ɗigo tara suna kallon Sallau.

"Nomau mai shayi na gaisuwa. Ya ce na rago ya ɗan yi yaji."

Sallau ya dubi kwanukan. Gumi ya keto ta ƙarƙashin hula. "Wato... Hajiya... ai Alhajin ne ya... ƙila ya aiko da su ta wajen Nomau..."

"To ga Alhajin nan kusa da kai, tambaye shi."

Ya waiga dama, bango. Ya waiga hagu, baƙuwa na murmushi.

"Malam," in ji Hajiya Balaraba, "ka yi haƙuri, na aske gemun kafin in fito."

Tsakar gida ta kece da dariya. Kofin ruwa ya suɓuce daga hannun Sallau, tal! ya jiƙa shadda. Baƙuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta share ido da gefen hijabi.

"Hajiya Lanti, na ba ki aikin. Sharaɗi ɗaya: wannan bawan Allah kada ya kawo min ko ƙwayar gishiri."

"Ni da kaina zan kawo."

Sallau ya durƙusa. "Hajiya, don Allah kada ki kore ni. Ina da iyali."

"Wa ya ce zan kore ka? Aiki ya ƙaru, ina neman hannu. Ajiye makullin babur." Ta juya ga wata mai daka. "Tasalla, ba shi taɓarya."

Aka danƙa masa taɓarya, aka tura masa turmi cike da nama, da shaddarsa da hularsa. Dum! Dum! Ya ɗaga kai a marairaice.

"Hajiya, in abokaina suka tambaya me zan ce?"

"Ka ce an yi maka ƙarin girma. Kuma ka riƙa yi mana Turancin nan kana daka, kada ka tsaya. In muka ji shiru, mun san bakinka na cikin turmi."