Jan Ƙyallen Hajja Marka

"Lafiya lau, ya murar kuma?"

"Tana nan, hanci a toshe kamar kunnenka. Mijin banza, sai la'asar sakaliya ake tuna gidan uwargida?"

Zailani malamin gona ne a Kabo, ya biyo Garo duba kakarsa Hajja Marka. Ya same ta a tabarma tana azumin Alhamis, ga kofi a gefenta an rufe da faifai. Kwalabe biyu masu duhu da ya hango a gindin randa su suka ɗaure masa kai, don iri ɗaya ne sak, ba mai takarda a jiki.

"Tsohuwa, mene ne a waɗancan?"

"Ɗaya rubutun Malam Datti ne, ɗaya fiya-fiyar wake. Awo na saya a Gwarzo. Wa ke iya sayen cikakkiyar kwalba a wannan tsadar? Ko kai za ka saya min, mai albashin da ba ya kai sati?"

"Doka ta ce guba sai da jan layi da hoton ƙoƙon kai a jiki."

"Ni ma da dokata. Jan ƙyalle nake ɗaura wa."

"Ina ƙyallen?"

Ta nuna da baki. Wata kaza ce ke tone-tone, jan ƙyalle a ƙafarta.

"Sabuwa ce, kar ta shige cikin kajin maƙwabta. Ai na san ta dama ce gubar."

"Damarki ko damar randa?"

"Kai, zan kai ka gaban alƙali, shekara talatin ba ci ba sutura."

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta wacce ta yayyafa wa waken, ta ce ta dama mana, da safe. Ta hagun kuma ita ta tsiyaya a kofi, da ita za ta buɗe baki.

Ya ɗaga faifan. Warin ya doki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya je ya sunsuni buhun wake, babu abin da ya ji sai ƙanshin tawada.

"Amarya," ya ce, "ƙwarin wakenki sun sha rubutu, bana sai sun hardace izu sittin."

Ta dubi kofin, ta dubi inuwar da ta kusa cinye tsakar gida.

Ya haƙa rami a bayan gida ya binne abin da ke cikin kofin har da kofin. Ya dawo ya zana ƙoƙon kai da jan biro a takarda, ya manna wa kwalbar gubar, ya ɗora ta can saman katanga.

"Ya yi kama da kai," ta ce, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. "Kama kazar nan ka tafi da ita, na ba ka. Amma zauna tukuna. Kai za ka ɗebo min ruwan buɗe baki."